Kamar Nasha

Malama Otilia ta zo ƙauyenmu ne lokacin yankan ciyawa, shekarar da na gama sakandare. Jami'a a birnin Iași ta ba ni gurbi, amma Baba ya ce babu inda zan je. Ba ƙin karatu yake yi ba, don shi ne ma ke yawo da sakamakona a aljihu yana nuna wa mutane a ƙofar coci. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne duk faɗin birnin nan ba mu da ko kare da ya san mu. A danginmu kaf, na uwa da na uba, ba wanda ya taɓa taka jami'a, kuma wanda ya fi kowa nisa shi ne kawuna da ya je aikin gini Italiya ya dawo da tari.

Ta shigo tsakar gidanmu tsinin takalminta na nutsewa cikin kashin tumaki, ko a jikinta. Ta zauna kan bencin da Baba ke zama in zai yi fiɗa, ta ci cukun da Mama ta kawo mata da hannu, ta ce ita ma 'yar ƙauye ce, da ƙafa ta riƙa zuwa makaranta cikin ƙanƙara. Ta ba shi labarin shirin da take jagoranta a jami'a don irina, waɗanda su ne na farko a gidajensu. Baba ya saurara har ta gama, sannan ya yi tambayar da ke cin sa.

“Malama, duk na ji. Amma in yarinyar nan ta yi zazzaɓi, ko wani ya taka ta, wa zai tsaya mata?”

Ta ce ita ce, ai ita ce mento ɗina. Baba ya juyo ya dube ni in fassara masa, ni kuwa a lokacin ban fi shi sani ba, sai daga baya na gane mai yi wa ɗalibi jagora ake nufi. Sai ta yi dariya, ta dafa hannunsa ta ce, “Baba Gavril, ka ɗauka kamar nasha ce.”

Baba ya miƙe tsaye. Ya cire hularsa, abin da ba ya yi sai a coci da wurin jana'iza, ya sunkuya ya sumbaci hannunta. Mama ta fara share hawaye da bakin ɗankwali.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ba a wasa da wannan kalma. Nasha ce ke tsayawa bayanki da kyandir ranar aurenki, ita ke karɓar 'ya'yanki daga ruwan baftisma, in kun yi faɗa da miji gabanta za a kai ku, kuma in ta yi magana ko uwarki shiru take yi. 'Yar uwa ana haifar miki ita ko kina so ko ba kya so, amma nasha da bakinta take ɗaukar nauyi. Ga mace mai ilimi, mai mota, ta tako har gidan makiyayi ta ɗauka ba tare da an roƙe ta ba. Kafin ta bar gidan Baba ya amince.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, shirin nan ya yi mana rana. Kowace Alhamis da yamma mukan taru a wani ɗaki a bayan laburare, mu haɗa tebura, kowa ya zazzage abin da aka aiko masa daga gida ta hannun direban bas. A nan na koyi cewa ana iya ɗaga hannu a ce wa farfesa ba a gane ba, kuma ba za a kore ka ba. A nan aka nuna mini yadda ake aron littafi, bayan na shafe makonni ina wucewa ta ƙofar laburare ina zaton sai an biya. Ranar da wata 'yar birni ta kwaikwayi yadda nake magana a gaban aji, a teburin nan na yi kukana, Tudora ta miƙo mini kokwamba mai tsami ta ce in ci in bar ƙara wa abinci gishiri da hawaye. Tudora 'yar wani ƙauye ce can kusa da kogi, bakinta ba shi da linzami, kuma ita ce ta zama aminiyata. A teburin nan kuma na haɗu da Mirel, ɗan mai gyaran tarakta, wanda ya yi wata biyu yana ajiye mini kujera kafin ya iya ce mini sannu.

Malama Otilia takan zauna a kan tebur, ba kan kujera ba, tana kaɗa ƙafa. Ta san sunan kowa da sunan ƙauyensa. Ina son matar nan, ba zan ɓoye ba. Har yadda take ɗaura gyale a wuya na kwaikwaya. In ta ce “Doina, zo nan,” sai in ji kamar ni kaɗai ce a ɗakin, in ce a raina sauran ɗalibanta ne, ni kuwa tata ce. Ban taɓa kiran ta nasha a gaban mutane ba, don kada a ce ina tinƙaho.

Baba kuwa ya riƙe nasa ɓangaren da hannu biyu. Duk Ista, cinyar ragon da ya fi ƙiba tata ce. Cukun farko na shekara nata ne, zumar farko tata ce. Mama kan naɗe nata daban a farin ƙyalle, ta ja mini kunne kada in kuskura in haɗa da nawa. Nakan kai mata ofis, ta rungume ni ta ce in gode wa Baba, wani lokaci ta kawo teburin Alhamis a ci tare. Ban ga laifi ba, na ce halin manya ne. In na zo hutu tambayarsa ta farko ita ce lafiyar nasha, kafin ma ya tambayi jarrabawa. Mama ta gaya mini tunda na tafi bai taɓa rasa barci saboda ni ba. In maƙwabta suka ce shi dai ya saki 'ya mace a birni, sai ya ce musu ai a hannun nasharta take.

A shekarar ƙarshe Mirel ya kawo iyayensa gidanmu, aka yi magana, aka sa biki bayan girbin inabi. A nan rigima ta tashi. Gidanmu yana da nasha tun kaka da kakanni, gidan Inna Profira. Ita ta riƙe wa Baba da Mama kyandir, ita ta karɓe ni daga ruwa, kuma bisa al'ada ita ko 'yarta ke da aurena. Tsohuwar har ta fara tambayar kuɗin yadin da za ta ɗinka. Baba ya sa hularsa ya je har gida ya ba ta haƙuri, ya ce wata ta riga ta ɗauki Doina da bakinta, ta riƙe ta shekara uku a baƙon wuri, ba zai iya tsallake ta ba. Inna Profira ta ce masa ya gaishe da 'yar birnin, ta rufe ƙyaure. Daga ranar ko a hanya suka haɗu sai ta kau da kai, rabin ƙauye kuma suka bi bayanta. Baba bai damu ba. Ya ce ranar bikin yaye mu zai zo birni da kansa, karo na farko a rayuwarsa, da kolak, burodin nan mai kitso da ake kai wa nasha in za a roƙe ta ta tsaya wa aure.

Ni da bakina na ba da labarin a teburin Alhamis, ina dariya, ina jin daɗi. Malama ba ta zo ba ranar. Na ce su shirya ganin Babana da kwando a ka, zai zo roƙon nashata. Tudora ta tsaya da cokali a hannu.

“Nasharki wa?”

“Malama Otilia mana.”

“To sannu, ƙanwata,” in ji ta. “Ashe uwarmu ɗaya ba mu sani ba. Ni ma haka ta ce wa tsohona, a gindin bishiyar gidanmu. Kin san agwagwa nawa suka mutu saboda maganar nan?”

Wani yaro daga ƙarshen tebur ya ce shi ma haka ta gaya wa kakarsa. Wata ta ce ita uwarta har bargo ta saƙa mata. Aka bi ɗaki ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin tasa, kowa kuma ya ɓoye ne don kada sauran su ji haushi. Wasu suka fashe da dariya har da buga tebur. Mirel bai yi ba, don shi da kansa ya kawo kansa jami'a, ba wanda ya je gidansu. Ni kuwa na ture abincin gefe. Ban taɓa jin an raina ni irin na wannan rana ba, ko ranar da aka kwaikwayi maganata, don waccan ba ta taɓa cin cukunmu ba.

Washegari na same ta a ofis tana haɗa takardu cikin kwalaye. Ashe shirin ya zo ƙarshe, ta samu babban aiki a Bukares, bayan bikin yaye za ta tafi. Wannan ma a bakin kwalayen na ji. Na gaya mata Baba na zuwa da kolak. Ta yi dariya tukuna, da ta ga fuskata sai ta rufe baki da hannu.

“Haba Doina, ke ma? Ke da kika yi karatu? Cewa na yi kamar. Kamar nasha.”

“Da ya sumbaci hannunki, Malama, ba ki ce kamar ba.”

Ta zaunar da ni, ta yi mini bayani a hankali, da muryar nan tata mai daɗi da ta sa na so ta. Ta ce in ba ta faɗi haka ba da yanzu ina ƙauye ina tatsar tumaki, ni da Tudora da sauran. Ta ce iyayenmu ba sa jin yaren jami'a, dole a yi musu magana da nasu. Ta tambaye ni ko akwai abin da ta yi alkawari ba ta cika ba. Abin haushin shi ne ban iya nuna ko ɗaya ba, sai dai wannan, kuma wannan a wurinta ba alkawari ba ne.

Na ajiye girman kai na roƙe ta. Na ce Lahadi ɗaya ce tak, ta zo ta riƙe kyandir ta koma, ba zan ƙara neman ta da komai ba, ko suna ko baftisma. Na gaya mata abin da Baba ya yi wa Inna Profira saboda ita. Ta girgiza kai, ta ce in ta yi mini dole ta yi wa kowa, kuma ita rabonta da coci tun jana'izar mahaifiyarta. Amma ta kama hannuna biyu ta yi mini alkawari: ranar bikin yayen, kafin a shiga zaure, za ta ja Baba gefe, su biyu, ta yi masa bayani da girmamawa yadda ba zai ji kunya ba. Ta ce kada in gaya masa komai, in bar mata, ta san yadda ake magana da dattawa. Na yarda. Har yanzu ina mamakin yadda na sake yarda.

Ranar bikin na je tasha na tare su. Baba ya sauko daga bas cikin kwat ɗin aurensa da ta matse shi a kafaɗa, rungume da kwando an rufe shi da tawul ɗin da Mama ta yi wata guda tana yi wa ado da jan zare. Ƙamshin burodin ya cika inda muke. Ya ƙi yarda Mirel ya karɓar masa. A hanya motoci na ta wucewa, shi kuwa bai ko kalle su ba, yana ta maimaita kalmomin da zai faɗa mata, yana tambayar Mama ko ya fara da gaisuwa ko da godiya.

Muka tsaya a ƙofar zaure muna jira. Na hango ta can tsakiyar baƙi daga ƙasashen waje, waɗanda suka ba da kuɗin shirin, tana ta dariya ana ɗaukar su hoto. Na ɗaga mata hannu, ta ɗago mini nata, ta nuna agogo alamar tana zuwa. Ba ta zo ba. Aka kira mu mu shiga, aka zaunar da ɗalibai a gaba, iyaye a baya. Na juya na ga Baba ya ɗora kwandon a cinya, ya ɗora hularsa a kai.

Da aka ba ta lasifika, sai da zauren ya ɗauka da tafi. Ta iya magana, wannan ba mai ƙwace mata. Ta yi maganar laburare da teburin Alhamis, ta sa mutane dariya, ta sa wasu hawaye. Sannan ta ce za ta faɗa wa masu zuwa bayanta sirrin aikin. Ta ce in ka je ƙauye ka ce mento, kallon ka za a yi kamar ka yi tari. Ita sai ta gano mabuɗi. A kowane gida ta shiga, in uba ya taurare, sai ta ce masa ya ɗauke ta kamar nasha, nan take ƙofa ta buɗe. Ta ce yanzu haka ita ce macen da ta fi kowa 'ya'yan riƙo a ƙasar nan, kuma ba ta taɓa sayen cuku ba tunda ta fara aikin.

Aka yi dariya, aka fassara wa baƙin, su ma suka yi. Na juya. Baba na tafi da ƙarfi, fuskarsa cike da fara'a, don ya ji an ambaci nasha ya ɗauka shi ake yabo. Ina kallonsa tafin nasa ya fara raguwa. Ya dubi mutumin da ke damansa, baban Tudora, da jaka a tsakanin ƙafafunsa kan agwagwa figaggiya na leƙowa. Ya dubi tsohuwar da ke gabansa da ƙunshi a cinya. Suka kalli juna, kowa ya sunkuyar da kai. Aka kira sunana in karɓi takardar shaida, na hau na sauko, ban san da wane hannu na karɓa ba.

Bayan an tashi ta zo wucewa ta inda muke, baƙin na biye da ita. Ta gan mu, na ga lokacin da ta tuna, don fuskarta ta ɗan canza. Amma ga mutane a bayanta. Ta buɗe hannu ta ce, “Baba Grigore, ka ga 'yarka yau?” ta miƙa masa hannu. Baba ya kama ya girgiza, kamar yadda yake yi wa mai sayen ulu in an gama ciniki. Ya ce Allah ya saka mata da abin da ta yi wa yaran nan. Ta dubi kwandon, ta dube ni, ta ce za mu yi magana, aka ja ta gaba. Bai gyara mata sunan ba, bai kuma ɗaga tawul ɗin ba.

Mirel ya so mu je gidan abinci a yi murna, Baba ya ce tumaki na jira. Muka taka zuwa tasha. Mama na baya tana sharar hanci. Ni kuwa ina ta shirya abin da zan ce in ya fara faɗa, don na tabbata zai yi maganar Inna Profira, da yadda zai koma ƙofar da aka rufe masa ya tsaya da hula a hannu ƙauye na kallo. Na shirya in ce zan je tare da shi, in durƙusa ni ma. Na shirya in zagi Malama Otilia tun daga kanta har takalminta in hakan zai sanyaya masa rai.

Muka zauna kan benci muna jiran bas. Ya daɗe yana kallon mutanen da ke kai da kawowa, ɗaruruwa, ba wanda ya dubi wani balle ya gaishe shi. Sannan ya juyo gare ni. Babu fushi a fuskarsa, tsoro ne, irin wanda ban taɓa gani a idonsa ba.

“Doina, lokacin sanyin nan da kika kwanta asibiti, kika ce mana kada mu zo. Ita ta kwana da ke?”

Na ce masa ta bugo waya, ta kuma aiko da lemo. Na ce Tudora ta zo da rana, Mirel ma ya zo. Ya tambaya da dare fa. Na sunkuyar da kai.

“Ashe ke kaɗai ce,” in ji shi. “Shekara uku. Ni kuwa ina can ina barci.”

Na ce masa ba haka ba ne, ina da mutane, na fara lissafa masa sunayen 'yan tebur. Yana gyaɗa kai, amma ba ji yake yi ba. Bas ta zo, direba ya ce a kawo kaya a sa a baya. Baba ya shiga da kwandonsa a hannu, ya zauna gefen taga, ya juya fuskarsa ɗaya ɓangaren don kada in ga yana kuka.